Zare-Waya: Amsar da Na Kasa Ba Hajiya

Wanda Ya ba mu aron ka Ya karɓi abinSa, mu ma da muka rage can muka nufa. Da hantsin ranar Litinin, shida ga watan Janairu, aka kira ni a waya, Malam, aka ce ka cika a asibiti bayan 'yan kwanaki kana kwance ba ka magana. Ina ɗakin lura a lokacin, ɗakin nan mai sanyi da manyan alluna a bango inda muke kallon titunan gari. Na ajiye wayar na ɗaga kai, sai ga motoci suna ta wucewa abinsu, ja tana tsayar da su, kore tana sakin su. Wallahi sai da na ji haushinsu, alhali na san ba su yi mini komai ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne injiniyan da ya daɗe yana riƙe da sashen tsari da ƙa'idoji a hukumar sufurin gari. Ni mataimakiyarka ce, a hannunka na koyi aiki, kuma a hannunka na koyi haƙurin da ba a haife ni da shi ba. A gabanka Malam muke ce maka. A bayan idonka, mu da 'yan kwangila, Zare-Waya muke kiran ka, kuma ka san da sunan, domin akwai ranar da wani sabon direba ya kira ka da shi a kan rashin sani, ka juyo ka amsa masa da fara'a.

Ranar da na je gaisuwa, Hajiya, matarka, ta riƙe hannuna ba ta saki ba har matan da muka shiga tare suka fita. Sannan ta ce, "'Yata, ke kika san aikinsa. Na san ajali ne, ban ja da ikon Allah ba. Amma abin nan da ya kafe a kai, har suka ɗauke shi daga kujerarsa, har ya ƙarar da lafiyarsa a bakin titi, gaskiya ce da shi, ko kuwa taurin kan nan nasa ne kawai? Ki faɗa mini, ba zan ji haushi ba."

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Da na ce mata gaskiya ce da kai, da na sanyaya mata rai, kuma babu wanda zai tuhume ni. Amma kai ka koya mini kada in sa hannu a kan abin da ban gwada ba, kuma a ranar ni kaina ban tabbata ba. Na ce, "Allah Ya jiƙansa, Hajiya." Ta ce amin, ta sake ni. Tun daga ranar tambayarta take zaune a ƙirjina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Lokacin da na fara aiki, ɗakin lura ya fi kama da shagon mai gyaran talabijin. Kowane kamfani ya kawo fitilunsa da kwamfutarsa da harshensa. Danjar wannan ba ta jin maganar kyamarar wancan, na'urar da ke cikin bas ba ta ma san akwai danja a duniya ba. In wata mahaɗa ta lalace sai a zauna jiran mai kayan, ya zo ranar da ya ga dama. Kai ka ce ba za a ci gaba a haka ba. Ka ɗauki alƙalamin allo ka zana tsarin garin gaba ɗaya: mota a kan titi, akwatin da ke sarrafa danja a gefen mahaɗa, cibiya a can ofis, da layukan da ke nuna wa zai yi magana da wa, da irin saƙon da zai aika. Daga nan ka kwashe shekaru kana rubuta ƙa'ida guda, wadda duk mai son kafa ko da fitila ɗaya a garin sai kayansa sun bi ta. Kakan ce aikinmu koya wa na'urori ladabi ne, su yi magana da harshe ɗaya, su saurari juna, kowacce ta san matsayinta.

Aiki ne da ba a ɗaukar hotonsa. Mai gina gada yana iya kai 'ya'yansa ya nuna musu da yatsa. Kai kuwa, da aka tambayi autarka a makaranta me babanta yake yi, cewa ta yi yana kunna danja. Ka ji daɗin amsar nan har ka riƙa gabatar da kanka da ita a manyan tarurruka, gaban baƙi masu sanye da kwat.

Makona na farko na zo da takardar digiri da zafin kai, ina jira a ba ni kwamfuta. Sai ka miƙo mini rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin titi, ka kai ni mahaɗar da ke bakin kasuwa, muka tsaya har rana ta fara cizo. Ka tambaye ni me na gani. Na shiga lissafa maka motoci da babura da yawan da ke bi ta kowane hannu. Ka ce in bar motocin, in dubi fuskar direban da ke gaba a layin da aka tsayar. Na duba. Da farko yana zaune lafiya, can ya fara buga sitiyari da yatsa, can motar ta fara rarrafe. Ka ce, "Kin gani? Jar danja ba katanga ba ce, alkawari ce. Tana ce masa ka tsaya, naka lokacin yana zuwa. Ranar da ta saɓa masa, zai yi wa kansa hukunci, kuma a tsakiyar mahaɗa zai yi shi." Na koma gida da ciwon kai da baƙar fuska, na gaya wa mahaifiyata an haɗa ni da wani tsoho mai son wahalar da mutane.

Alherinka ba mai ƙara ba ne, sai mutum ya wuce ya waiwayo yake gane an yi masa. Da na yi haihuwar fari na dawo aiki da jaririya, ina ta zullumin inda zan riƙa shayar da ita, na iske ka kwashe takardunka ka koma wani ƙaramin tebur kusa da ƙofa a babban ɗaki, ka bar mini mukullin ofishinka a kan kujerata. Duk wanda ya tambaya sai ka ce sanyin na'urar ofishin ne yake taɓa maka gwiwa. Kaf sashen babu wanda bai san na'urar nan ta daɗe da mutuwa ba, amma babu wanda ya tona ka. Da mahaifina ya kwanta jinya, kai ka riƙa ɗaukar tarurrukana ba tare da ka gaya mini ba, sai dai in dawo in iske an yi an gama. In aka yabi sashen a gaban darakta, sai ka nuna wanda ya yi aikin ka ce, "Ga shi nan, ni shayi kawai na sha." In kuwa aka sami kuskure, sai ka ce kai ka sa hannu, a yi magana da kai.

Ba zan mai da kai waliyyi ba, don ba za ka yarda ba. Kana da jinkiri mai tayar da hawan jinin na ƙasa da kai. Kana iya cinye yini guda a kan ko jimla ɗaya za ta ce "dole ne" ko "yana da kyau", domin ka san ta ƙofar "yana da kyau" ɗan kwangila yake ficewa. Mun sha yin faɗa a kan wannan, in tashi in fita in bugo ƙofa, in dawo in iske ka zuba mini shayi ya huce, kana nan a kan jimlar ba ka motsa ba.

Sunan Zare-Waya kuwa daga wani sashe na ƙa'idarka ya samo asali. Sashen ya ce dole ne kowace mahaɗa ta iya riƙe kanta in ta daina jin cibiya: ta koma juya fitilunta da kanta, ta ba kowane hannu rabonsa, har a dawo da sadarwa. Kowane kamfani yana rubutawa a takarda cewa kayansa suna yin haka. Kai ba ka musu da takarda. Ranar karɓar aiki sai ka sa a jera masu ba da hannu a kowane ɓangaren mahaɗar, ka gaisa da injiniyoyin kamfanin ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi iyalinsu, ka bar su su gama nuna duk abin burgewar da suka tanada. Sannan ka buɗe akwatin danja, ka sa hannu ka zare wayar da ta haɗa shi da cibiya, ka sa ta a aljihun rigarka, ka harɗe hannu kana kallon fitilu. Na ga manyan mutane suna gumi a wannan tsayuwar. Wasu kayan sukan wuce lafiya, ka mayar da waya ka yi musu barka da zuciya ɗaya. Wasu kuma a nan asirinsu yake tonuwa.

Sai aikin titin asibiti ya zo. Titi ne dogo mai cunkoso, mahaɗa bayan mahaɗa, kuma ta nan duk motocin ɗaukar marasa lafiya suke bi. Sabon tsarin da aka kafa zai riƙa jin zuwan motar asibiti tun daga nesa, ya buɗe mata kore a jere har ƙofar asibitin. Kai ka fi kowa son aikin nan, tun muna zana shi a allo kake ɗokinsa. An sa ranar buɗewa, an gayyaci manya, an yi wa titin fenti.

Ranar gwaji ka zare waya a mahaɗar da ke kusa da makarantar firamare. Fitilun ba su mutu ba, kuma da farko injiniyan kamfanin da ya kafa su har murmushi ya yi. Sai muka ga ba sa canzawa. Sun daskare a kan umarni na ƙarshe da cibiya ta ba su: babban titi kore, motoci suna ta sheƙa gudu, ƙaramin titin da ya ratsa shi kuma ja, ba ta da niyyar sauyawa. Muka tsaya muna kallo. Layi ya yi tsawo, aka fara danna oda. Can direban wata motar ɗaukar kaya da ke gaba ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya sako kai cikin mahaɗar, mai ba da hannu ya yi tsalle ya tare shi, wata ƙaramar mota ta wuce ta gaban hancinsa da ƙarar birki. Ka mayar da wayar. Da aka miƙo maka takardar karɓar aiki, ka mayar wa mai ita da hannu biyu, ka ce a gyara tukuna.

Injiniyan kamfanin ya yi ta ɗaga murya a bakin titi, har ya ce maka tsoho mai hana ruwa gudu. Darakta bai ɗaga murya ba, kuma a yi masa adalci, maganarsa ba ta banza ba ce. Ya kira mu ofis ya ce wayar nan a cikin bututu take a ƙarƙashin ƙasa, akwai ta biyu ta ko-ta-kwana, babu mai zare ta sai kai. Ya ce gyaran zai ci watanni, kuma a duk ranar da aka ƙara, akwai motar asibitin da za ta maƙale a cunkoso da mutum a ciki yana neman numfashi. Ya ce, "Malam, kana tsare mu daga abin da ƙila ba zai taɓa faruwa ba, kana bar mu da abin da ke faruwa kullum." Ka bari ya gama. Sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma ban taɓa ganin wayar da aka binne ba a tono ta ba, kuma mahaɗar nan yara ne suke tsallaka ta. Ba zan iya sa hannu ba."

Ba a daɗe ba takarda ta fito, an mayar da kai sashen horar da sababbin ma'aikata, aka ce don a amfana da gogewarka. Aka rufe sababbin fitilun da baƙaƙen buhuna, tsofaffin suka ci gaba da aiki. A shirin rediyo na masu kiran waya na ji wani yana cewa wani injiniya ne ya hana marasa lafiya hanya saboda son nuna iyawa. Na san ka ji shi, domin rediyon motarka ba ya barin tashar nan.

Takardar karɓar aikin kuwa teburina ta dawo, tunda ni aka ɗora a kujerarka. Na zo na same ka a ɗakin horarwa, tsakanin kujerun roba da tsohon majigi, na ce ni ba ni da irin zuciyarka, kuma ina da yara ƙanana. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka ce, "'Yata, ai shi ya sa na rubuta 'dole ne'. Ban rubuta ƙa'idar nan don jarumai ba, na rubuta ta ne don mai jin tsoro ya sami inda zai fake. Ki ce musu ba ke ba ce, takarda ce ta hana ki." Haka na yi. Na je na fake a bayan jimlar da na taɓa bugun ƙofa a kanta, kuma ta rufe ni.

Abin da ka yi bayan nan shi ne Hajiya take nufi da bakin titi. Maganar darakta ba ta bar ka ba. Ka ce tunda kai ka tsayar da aikin, motocin asibitin da ke maƙalewa a wuyanka suke. Sai ka fara fita da sassafe kafin lokacin ofis, da kuma yamma in an tashi, ka sa rigar nan mai ƙyalli a kan kayanka, ka tsaya tare da masu ba da hannu a mahaɗar da ta fi cushewa. In ka ji jiniya daga nesa sai ka shiga tsakanin motoci kana buga musu gefe da tafin hannu, kana roƙon direbobi su matsa. Mutum mai furfura, mai hawan jini, a cikin hayaƙi da rana. Na yi maka faɗa, likitanka ya yi, Hajiya ta ɓoye rigar, ka ari ta wani. Direbobin motar asibiti sun san ka, sukan ɗaga maka hannu in za su wuce, ba tare da sun san kai ne injiniyan da ake zagi a rediyo ba.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai bayan rasuwarka. Injiniyan kamfanin nan da ya zage ka, gyaran ya gagare shi, ya rasa wanda zai tambaya. Wata rana ya haɗiye girman kansa ya leƙo ɗakin horarwa. Shi da bakinsa ya gaya mini a wurin gaisuwa, yana share ido, cewa ya shiga yana shirya kalmomin ban haƙuri, kai kuwa ka jawo masa kujera ka ce ya buɗe kwamfutarsa a ga inda abin ya tsaya. Ya riƙa zuwa bayan azahar kuna bin manhajar layi-layi har kuka gano inda akwatin yake riƙe umarnin cibiya ya ƙi saki. Ya ce har kuka gama ba ka taɓa tuna masa abin da ya faɗa a bakin titi ba.

An gama gyara kana kwance a asibiti. Ni na zare wayar a gwaji na biyu, fitilu suka ɗan dakata sannan suka shiga juyawa da kansu. Na sa hannu, aka cire buhunan, aka yanka kyalle, aka yi jawabai, ba a ambaci sunanka ba. Na zo gadonka na gaya maka a kunne cewa an buɗe titin. Ban sani ba ko ka ji.

To amma wannan bai amsa tambayar Hajiya ba, shi ya sa na yi shiru a gabanta. Gwaji ya nuna an gyara abin da ka ce a gyara. Bai nuna wayar za ta taɓa yankewa ba. In har ba ta yanke ba, to maganar darakta ta tsaya: an yi watanni ana jinkiri, an ɗauke ka daga kujerarka, ka sha rana da hayaƙi, duk a kan tsoron abin da bai zo ba. Na yi ta juya wannan a raina ina kan kujerarka, kuma ban ji daɗin zaman ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, da safe, lokacin da iyaye suke kai yara makaranta, ina tsaye a ɗakin lura sai allunan titin asibiti suka yi baƙi gaba ɗaya. Masu aikin bututun ruwa ne suka sa katafila suna haƙa a can ƙarshen titin, ta tsinke wayar. Ta ko-ta-kwanan ma ta tafi tare da ita, domin ashe a rami ɗaya aka binne su. Cibiya ta makance, ba ma gani, ba ma iya aika umarni. Na bar yaran ofis suna kiran masu gyara, na ɗauki riga mai ƙyalli na fita. Ban san yadda na isa mahaɗar makarantar ba.

Na iske babu komai, Malam. Babban titi yana da kore, can ta koma rawaya, ta koma ja, motoci suka tsaya. Ƙaramin titi ya samu nasa. Masu tafiya a ƙasa suka samu nasu, iyaye suka tsallaka riƙe da hannun 'ya'yansu, mai sayar da jarida yana ta harkarsa. Ina tsaye na ji jiniya. Na ce a raina yau za a maƙale, tunda babu cibiyar da za ta buɗe mata hanya, na manta cewa a zanenka motar asibiti da akwatin mahaɗa kai tsaye suke magana, ba sai sun bi ta ofis ba. Akwatin ya ji ta, ya tsayar da kowa, ta wuce, ya koma juyinsa. Haka mahaɗun titin suka riƙe kansu har bayan la'asar da aka haɗa wayar. Babu wanda ya kira rediyo, babu jaridar da ta rubuta, domin babu wanda ya san an yi wani abu.

Mutum ɗaya ne kawai ya tuna da kai a ranar. Wani mai babur ne a gaban layin ƙaramin titi, da mace a bayansa rungume da jariri. Juyin da akwatin yake yi shi kaɗai ya ɗan fi na kullum tsawo, sai mutumin ya ƙosa, ya fara matsa babur ɗin gaba kaɗan-kaɗan, manyan motoci suna wucewa ta gabansa a guje. Ya ga rigata, ya ɗaga murya ya ce, "Baiwar Allah, wai wane marar aikin yi ne ya tsara danjar nan? Mutum ya tsufa a tsaye!" Kafin in buɗe baki kore ta kama, ya ja babur ɗinsa ya tsallaka lafiya, yana ta mita har ya ɓace. Na jingina da akwatin danja na yi dariya, dariyar ta juye kuka, irin wanda ban yi ba ko a ranar da aka ce ka cika. Mai ba da hannu ya zo yana tambaya ko lafiya.

Hajiya, ga amsarki, ki yafe mini jinkirin. Mijinki yana da taurin kai, wannan ba zan ɓoye miki ba, ke kin fi ni sani. Kuma ba zan ce miki watannin nan ba su cutar da kowa ba, domin ban sani ba, shi ma bai sani ba, kuma rashin sanin nan ne ya riƙa fitar da shi bakin titi kina ɓoye masa riga. Amma gaskiya ce da shi. Wayar da aka ce ba za ta yanke ba ta yanke, a daidai lokacin da mahaɗar take cike da yara, kuma kowa ya koma gidansa. Na gani da idona, yanzu zan iya sa hannu a kai.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka, ba shi da gini ko gada da za a nuna a ce nasa ne. Kai Ka san waɗanda suka isa gida ranar Alhamis, Ka san su ɗaya bayan ɗaya ko da su ba su san shi ba, Ka sanya su a mizaninsa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka hutar da shi hutun da ya ƙi ba kansa a duniya, Ka sada shi da rahamarKa a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'yansa maza da mata, musamman autarsa, da 'yan'uwansa, da abokan aikinmu na sashe, da masu ba da hannun da suka sha rana tare da shi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya rufa wa iyalinsa asiri, Ya albarkaci abin da ya bari. Mu kuma da ya bar wa aikin, Allah Ya ba mu ko da rabin taurin kansa, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Amin.